Bin Sawu a Cikin Gilashi

Shekarar da na bar ƙasar nan, damina biyu ke nan da zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna, damina guda kuma da rasuwar maigidana a Dutsin-Ma. Na komo bayan an karɓi mulkin kai da shekara guda, tutar nan mai kore da fari ba ta ko fara koɗewa ba. Wanda ya iya lissafi ya lissafa. Ni ban yi boko ba, a allo ma ban yi nisa ba, faɗa nake ana rubuta mani. Amma abin da idon nan nawa ya gani, malamai da yawa a littafi kaɗai suka san shi.

Sunana Asabe, 'yar Tamawa ce ni, ƙasar Kurfi. Ubana mai bin sawu ne. In aka kore wa mutum shanu ko jaki, shi ake kira, ya duƙa ya bi ƙafar dabba har ƙofar garin da ta shiga. Ba shi da ɗa namiji da ya so aikin, ni ce nake binshi daji tun ina 'yar ƙwailata. Yayana Ilu kuwa kuku ya zama a gidan wani Bature malamin makaranta a Katsina, wanda ake kira Mai Lofe don bakinshi ba ya rabuwa da lofen taba. Da Mai Lofe zai koma ƙasarsu, matarshi, Madam, ta ce sai an samo mata mai reno, don ta haihu ba da daɗewa ba. Yaya Ilu ya kawo ni. Aka ce shekara guda cak. Ina da ɗiya guda, 'yar fari, shekararta biyar. Na bar ta Tamawa wurin Inna, na ce in an yi kaka biyu ina tafe.

A jirgin ruwa aka fara. Kwana uku ina amai, na huɗu na samu na zauna a waje da jaririyar a bayana. Madam ta zo ta zauna kusa da ni, tana ɗan taɓa Hausa, ta ce, "Asabe, kina da yaro naki?"

To ku da kuke 'ya'yan yanzu ba za ku gane ba. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarshi a gaban mutane, ba ta lissafa shi in ana tambayar 'ya'ya. In ya faɗi a gabanta ma sai ta kau da kai, wani ya ɗauke shi. Abin alfahari ne, da shi ake gane 'yar mutunci. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni? Ina na ga 'ya'ya."

Ta dafa ni ta ce, "Ayya." Ni kuwa ina jin daɗi a raina na nuna mata tarbiyyar gidanmu.

Muka sauka a wani gari mai hayaƙi, muka shiga jirgin ƙasa zuwa wani garin da ruwa ba ya ɗaukewa. Aka ba ni ɗaki can saman bene, ƙarƙashin rufi, taga guda. Da safe na fito ƙofa na ga wani dattijo yana wucewa, na durƙusa na ce mashi ina kwana. Ya dube ni, ya dubi bayanshi ko da wani nake, ya ƙara sauri. Shekara uku na yi a layin nan, ban taɓa jin an yi sallama a ƙofar wani ba. Daddawar da na ƙunso tun daga kasuwar Dutsin-Ma, Madam ta shinshino ta a kwana na biyu, ta ɗauke ta da tsinken wuta ta kai bola. Rana kuwa ba ta fitowa balle in san gabas. Na yi mako ina salla inda zuciyata ta ba ni, sai Mai Lofe ya lura. Ya hawo da wani ɗan agogo mai allura, ya auna, ya ja mani layi da alli a daɓen katako, ya ce, "Malama Asabe, Makka tana nan." Wannan ban manta mashi ba.

Hausa kuwa, da jaririyar nake yinta. Ina goye da ita ina ba ta labarin Tamawa, har bakinta ya fara buɗewa da "zo" da "ruwa". Ran da ta ce wa uwarta "a'a" da Hausa, Madam ta ce daga yau Turanci kawai. Sai na koma yi da tukunya.

Shekara ta cika, na ce Madam lokaci ya yi. Ta ce sanyi ya yi yawa a teku, a bari ya wuce. Ya wuce, ta ce yarinya tana haƙori. Takardar tafiyata tana cikin durowarta a kulle. Kullum maganarta guda ce: "Me kike sauri? Wa yake jiranki?" Ni kuma amsar tana bakina amma ba ta faɗuwa.

Da yarinyar ta isa a kai ta wurin wasan yara, Madam ta ga ina zaune da rana, ta ce in riƙa zuwa wurin aikin maigidan ina share masu. Nan ne na iske abin mamaki. Ɗaki ne dogo, mata kusan goma a jere, kowace ta kifa ido a wani madubi mai baki biyu, irin wanda in ka sa ƙwayar gero a ƙarƙashi take komawa kamar dutse. Babu mai magana. Na ɗauka salla ce irin tasu.

A ƙarshen layin akwai wata mace gajera mai ƙiba, Mariya, mutuniyar Italiya. Ita ma baƙuwa ce, Turancinta da nawa duk guragu, shi ya sa muka fahimci juna. Ita ce ta fara ba ni abinci mai yaji a ƙasar Turawan. Takan ce, "Mutanen nan suna dafa kabeji kamar sun kama shi da sata." Wata rana ta ga na tsaya da tsintsiya ina leƙen bayanta, ta jawo ni ta ce, "Duba mana, ba ya cizo."

Na leƙa. Fili ne toka-toka, kamar tsakar gida da aka share da asuba, ga ɗige-ɗige baƙaƙe a jere, wasu siriri kamar tafiyar tururuwa, wasu masu kauri kamar an ja kara. Wani wurin sun taru sun watse kamar kaji sun ga shaho. Na ce, "Wannan ai sawu ne."

Ban san Mai Lofe yana tsaye a bayanmu ba. Ya cire lofen ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Sawu ne, ranka ya daɗe. Wannan mai nauyi ne, ya gaji, ga inda ya tsaya. Wancan da gudu ya wuce, bai ko taka sosai ba."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wa ya koya maki?"

Na ce, "Ɓarayin shanun ƙasar Kurfi."

Ya yi dariya har ya ƙware da hayaƙi. Ya jawo kujera ya yi mani bayani da Hausarshi ta makaranta. Ya ce akwai wani abu da yake zubowa daga sama dare da rana, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna ratsa rufi, suna ratsa jikin mutum, ba ya ji. Su kuma sai su ɗauki gilashi su shafa mashi wani abu mai kauri kamar ƙaro, su ɗaura a wata ƙatuwar balan-balan da ta fi gidan nan girma, ta tashi sama can inda jirgi ba ya kaiwa, ta yini, ta faɗo. Duk abin da ya ratsa gilashin sai ya bar ƙafarshi.

Na ce, "To daga ina suke?"

Ya ce, "Abin da ya hana ni barci ke nan." Ya ce wasu malamai suna zaton daga taurarin da suka mutu ne. Wai tauraro in ya tsufa ƙwarai yakan fashe, ya yi haske har a gan shi da rana, ya bar tarkacenshi yana ci gaba da watsuwa shekaru dubbai. Ya ce akwai irin wannan kufai guda a sama, ba nisa da taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta, mutanen Sin na dā sun ga fashewar da idonsu sun rubuta.

Na ce, "Ai da sauƙi. A bi sawun da baya."

Ya girgiza kai. Ya ce masu barin sawu akwai wani ƙarfi a sarari, irin na mayen ƙarfe, da yake ta karkata su a hanya, su yi ta gewaye shekara da shekaru, kafin su iso nan sun juya sau ba adadi. Inda suka fuskanto ba nan ne gidansu ba. Na ce na gane, ɓarawo ne da ya bi da shanu ta cikin gulbi. Ya ce amma akwai wani irin haske, "gama" suke ce mashi da Turanci, shi ba ya karkata, daga gidansu yake miƙowa ɗoɗar. Sai dai shi ba ya barin sawu ko kaɗan. Ba ka sanin ya zo sai in ya rabe biyu a cikin gilashin, ka ga ƙafa biyu siriri sun tashi daga wurin da babu komai, manne da juna, suna buɗewa a hankali. Inda suka ba baya, can ya fito. Ya ce matsalar, mafi yawansu a iskar da ke saman balan-balan ɗin ake haifarsu, ba a taurari ba, sai an tara da yawa ƙwarai kafin a ce wani abu, kuma wataƙila shi ba zai ga ranar ba.

Ni na sa masu suna tagwaye, har Turawan ɗakin suka kama faɗi.

Washegari aka karɓe tsintsiya aka ba ni madubi. Su matan nan layi-layi suke duba gilashi, daga dama zuwa hagu, kamar masu shuka. Ni ba haka ubana ya koya mani ba. In na ga ƙafa, sai in kama ta in bi ta da baya, in ga inda ta faro. Mai uwa, wato wanda ya fito daga wani sawun, in sake shi. Wanda ya tashi daga fili wayam, in nemi ɗan'uwanshi a gefe. Ban san lamba ba, in na samu sai in ce, "Mariya, tagwaye!" ta zo ta karanta lambar ta rubuta. Abin da mace guda take samu a mako, nakan same shi kafin azahar. Wata doguwa a cikinsu ta ce ƙarya nake, zane nake gani a gilashi. Mai Lofe ya ba ta nawa guda ashirin ta sake dubawa. Ta yini a kai, ta tashi, washegari ta ajiye mani shayi a gefen madubi.

Kwanakin baya wani malamin jami'a da ya zo gaishe ni ya ce mani yanzu an harba na'ura can sama da iska, ta ga hasken nan yana fitowa daga kufan matattun taurari, zaton su Mai Lofe ya kama hanyar gaskiya. Na ce mashi madalla, ni na riga ka sanin tagwaye tun ba a yi auren uwarka ba.

Sai dai idon nan nawa shi ya ƙara ɗaure ni. Dā Madam kaɗai ke cewa a bari. Yanzu Mai Lofe ma in na ce gida, sai ya ce, "Malama Asabe, gilashi na zuwa wata mai kamawa, wa zai duba mani? Ki ƙara haƙuri kaɗan." Shi har ga Allah ya ɗauka ba ni da kowa sai tsohuwa. Ni kuwa in na kifa ido a madubi, rabin hankalina yana Tamawa: yanzu ta yi famfara, yanzu ta isa ɗaukar tulu, ko wa yake yi mata kitso.

A shekara ta uku, wajen ƙarshen daminar gida, wasiƙa ta zo daga Yaya Ilu. Ta yi wata biyu a hanya. Babu mai karanta Hausa a garin sai Mai Lofe, na kai mashi ofis. Ya sa tabarau yana bi a hankali. Bayan gaisuwa, Inna ta rasu. Ya tsaya ya ce, "Allah ya jiƙanta," yadda ya ji ana yi. Na ce amin. Ya ci gaba. Yarinya tana Dutsin-Ma wurin baffanta Malam Barau, ƙanen marigayi maigidana. Malam Barau ya sayar da gonarshi, da an cire amfani zai tafi Makka ta ƙasa da iyalinshi duka, ta Barno da Sudan, kuma ya ce da yarinyar za shi tunda ba a san ranar komowata ba.

Kowa ya san tafiyar nan. Ana yin shekara bakwai, ana yin goma, da yawa ba su komowa.

Mai Lofe ya ɗago ya ce, "Wace yarinya ce?"

Wallahi bakina ya buɗe. Amma namiji ne, ubangidana, yana kallon tsakiyar idona. Abin da aka dasa mani tun ina goye ya riƙe mani harshe. Na ce, "Wata yarinya ce ta gidanmu."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi, tana hannun danginta, har za ta ga Makka." Ya ninke takardar ya miƙo mani. Na gode mashi na fita.

Kwana ashirin na yi a haka. Kullum in ce yau zan faɗa, in je ƙofar ofis in komo. Ina cewa a raina ai dawa ba ta nuna ba tukuna, ai Malam Barau mai jan jiki ne. Na daina ganin tagwaye, gilashi ya koma mani hazo. Ran na ashirin Mariya ta ja ni bayan gini inda take shan tabarta, ta ce, "Ke, uwata ma ta mutu, na san kukan uwa. Wannan ba shi ba ne. Wa kika bari?"

Na kau da kai.

Ta ce, "Na ga yadda kike goya 'yar mutanen nan. Bayan da bai taɓa goyo ba ba ya lanƙwasa haka. Namiji ko mace?"

Na ɗaga mata yatsa guda, na nuna tsawonta da hannu, tsawon da na bar ta. Na yi mata bayanin al'adarmu iyakar Turancina. Ta saki tabar ta faɗi. Ta ce, "Shekara uku? Don kunya? Kunyar wa, mahaukaciya? Waɗannan da suke sumbatar karnukansu a titi?" Ta kama hannuna kamar ta kama akuya, ta ja ni har ofis, ta tura ƙofa ba sallama, ta ce, "Faɗa mashi da bakinki."

Na dubi ƙasa na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ta wasiƙa, sunanta Hadizatu. Ni na haife ta."

Tun ran suna ban taɓa furta sunan nan ba sai ranar. Mai Lofe ya yi fari fat. Ya ce, "Shekara shida na yi a Katsina. An gaya mani wannan al'ada, har na rubuta ta a littafina." Ya dafe kai. "Ban taɓa kawowa a kanki ba."

Ranar ya karɓo takardata daga durowar Madam, na ji muryoyinsu har saman bene. Ya buga wa Yaya Ilu waya. Ya ce jirgin ruwa zai daɗe, a sama zan tafi. Kwana shida aka yi ana neman wuri. Mariya ta raka ni tashar jirgin ƙasa da ƙunshin barkono da 'yar rigar sanyi ja da ta saƙa, ta yi daidai da 'yar shekara biyar, don tsawon da na nuna mata ke nan. Ban gaya mata yarinyar ta kai takwas ba.

Na sauka Kano, na kwana a tasha, na samu motar gyaɗa zuwa Dutsin-Ma. Ban tsaya wanke ƙafa ba na nufi gidan Malam Barau. Na iske an toshe ƙofar zaure da ƙaya. Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta katanga, ta daɗe tana dubana da takalman Turawa a ƙafata, ta ce, "Asabe ce? Lale. Ai kin yi sauri, 'yar nan, amma yau kwanansu goma sha ɗaya da tafiya."

Na zauna a dakalin na ƙirga da yatsu. Ran da Mariya ta tura ni ofis, ashe sun kwana uku a hanya. Da na yi magana ran da aka karanta wasiƙar, da na riga su da kwana tara.

Na bi su har Maiduguri. A zangon alhazai aka ce ayari uku sun wuce a makon, babu wanda ya riƙe sunan kowa. Ba ni da takardar ƙetarawa gabas, na komo.

Malam Barau a Sudan ya rasu, bai ga Makka ba. Yaya Ilu ya rasu a Kaduna shekarar da aka koma tuƙi ta dama. Mariya ta yi shekara tara tana aiko mani da kati mai hoton dusar ƙanƙara, sannan ya daina zuwa. Mai Lofe da Madam ban sake jin labarinsu ba, in suna raye sun haura ɗari, ka ga babu su ke nan. A Tamawa, cikin waɗanda suka san tafiyata, saura Gwaggo Lami da ba ta ji ba ta gani. Sai ni. Sai ita yarinyar, tana wani gari a bakin kogi can Sudan, wani alhaji ɗan Kurfi ya gan ta, ya ce tana da jikoki, Larabci ya fi Hausa yawa a bakinta. Ya ce ya tambaye ta ko tana tuna uwarta, ta ce tana tuna wata mata da ba ta kiran sunanta.